Zinariya Ita Ce Maryama

Bismillahir Rahmanir Rahim

Daga: Hure 'yar Malam Isufu, matar marigayi Salihu maɗinki, Unguwar Hindawiyya, lungun masu burodi, Makka.

Ta hannun: Malam Dauda mai rubuta takardu, Hindawiyya.

Zuwa ga: Mai Girma Wakilin Hausawa Mazauna Makka, Alhaji Yunus Kabo, Ofishin Wakili, Zahir.

Kwanan wata: Asabar, 21 ga Rajab 1386, daidai da 5 ga Nuwamba 1966.

Game da: Yarinya 'yar shekara shida da aka riƙe a birnin Landan saboda kuskuren tafintan ofishinka, da kuma jinkirin takardar shaidar da za ta dawo da ita.

Ranka ya daɗe,

Bayan sallama irin ta addinin Musulunci, da gaisuwa mai yawa, da fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya kai da iyalinka. Ni Dauda alƙalami ne kawai a nan. Mai maganar ita ce baiwar Allah Hure, wadda ba ta rubutu. Sau uku tana zuwa rumfata kafin ta iya buɗe baki. In an ga alƙalamin ya ɗan yi zafi a wani wuri, laifina ne, kada a ɗora mata.

Mai ƙorafi haifaffiyar Makka ce. Mijinta ya rasu bara waccan ya bar ta da ciki da 'ya guda. Tana girki a gidan Alhaji Mukhtaru mai turare, in lokacin Hajji ya zo kuma ta yi girki a tantunan wani muɗawwifi, mai jagorar alhazai, a Arfa. 'Ya'yanta biyu ne: babbar ita ce 'yar farinta, ƙaramar kuma Rabi, wadda har yanzu ke goye. Ranar suna, marigayi Salihu ya yi wa mahaifiyarsa takwara da babbar, don haka babu mai kiran sunan a gidan, sai laƙabin Zinariya. Da aka yaye ta kakarta ta ɗauke ta, yarinya ta tashi tana ce wa kakar Inna, tana ce wa uwarta Yaya. Mai Girma ya san duk wannan, haka ake yi a kowane gidan mutunci. Na rubuta ne don takarda ta ɗauka, tun da rashin ɗaukarsa ne ya kawo mu nan.

A watan Rabi'ul Awwal likitoci suka tura Alhaji Mukhtaru Landan a yi masa aikin ido. Shi kuwa ba ya cin girkin kowa sai na Hure, shi ya sa uwargidansa ta roƙe ta ta bi su. A lokacin tsohuwa, kakar yaran, tana kwance da ciwon ƙafa, maƙwabciya ta yarda ta kula da ita amma ba ta iya haɗawa da yarinya. Dalilin da ya sa aka tafi da yaran duka biyu ke nan. Ga ƙorafinta daki-daki:

1. Cewa ofishinka ne ya haɗa su da Malam Abdulganiyyu a matsayin tafinta, da takarda mai hatiminka, bisa sharaɗin ya zama bakinsu da kunnensu har su dawo. Sun sauka Landan ranar Asabar 9 ga Yuli, kwana biyu kafin a fara gasar ƙwallon ƙafa ta duniya. Mai ƙorafi ba ta san da wata gasa ba, ba kuma ta taɓa ganin ƙwallo ba sai ta tsumma da yara ke bugawa a lungu. Shi kuwa tafinta ashe saboda ita ya nemi tafiyar. Da safe jarida, da rana rediyo, da yamma a neme shi a rasa. Garin ya ɗaure wa Hure kai: rana ba ta faɗuwa sai lokacin da mu nan mun daɗe da yin isha'i, ga sanyi a tsakiyar bazara, ga mutane ko'ina da tutoci suna rera waƙa. Yaran kam sun ji daɗinsa. Zinariya ta ga tantabaru a wani dandali ta ce na Harami ne suka biyo su, ta ga taron masu tutoci kuma ta tambayi uwarta ko Hajjin Turawa ne ya zo. Har dariya aka yi mata a ranar.

2. Cewa ranar Talata 26 ga Yuli, bayan la'asar, mai ƙorafi ta shirya abincin Alhaji za ta kai asibiti, kamar yadda take yi kullum cikin tasi. Malam Abdulganiyyu ya ce yau hanya ta cushe, sai dai jirgin ƙasan da ke bi ta ƙarƙashin gari. Bai gaya mata cewa akwai babban wasa a yammacin nan ba, bai kuma gaya mata tikitin shiga na aljihunsa ba. Ya sa su gaba, ko in ce ya bar su a baya, domin tun daga matakala bai waiwayo ba. Ita ga goyo a baya, ga kwanukan abinci a hannun hagu, ga Zinariya a hannun dama. Hure ba matsoraciyar taro ba ce. Matar da ta ratsa wurin jifa da tukunya a ka, taron Landan ba zai firgita ta ba. Amma a Mina tana jin abin da mutane ke cewa, tana kuma iya cewa a ba ta hanya. A can ƙarƙashin ƙasa ba ta da baki, bakinta ya yi gaba da tikitinsa. Da jirgi ya tsaya jama'a suka turo gaba ɗaya, hannun yarinya ya zame.

3. A nan ina roƙon Mai Girma ya karanta a hankali. Tun Zinariya tana shekara uku uwarta ke tafiya da ita Arfa. Tutar muɗawwifin da take wa aiki kore da ja ce. Darasi ɗaya ta koya wa yarinyar, ta maimaita mata shi har ya zauna: in taro ya raba mu, kada ki yi kuka, kada ki gudu, ki ɗaga kai ki nemi tutarmu, ki riƙe rigar mai ɗauke da ita, kada ki saki sai na zo. Sau biyu darasin nan yana dawo mata da 'yarta a Arfa. A tashar nan kuwa, sai ga wasu mutanen wata ƙasa da suka zo kallon ƙwallo ɗauke da ƙatuwar tuta, kore da ja. Yarinya ta yi abin da aka koya mata. Ta kama rigar mai tuta, ya shiga jirgi, ta bi shi, ƙofa ta rufe kanta. Hure ta hango ta ta gilashi. Ba ta kuka. Ta ɗago fuska tana neman idon uwarta, irin kallon yaron da ke jiran a ce masa ya kyauta. Mai ƙorafi ta ce wannan kallon ne ke hana ta cin abinci har yau.

Abin da tafinta ya yi shi ne, ya ce wa wani ma'aikacin tasha kalma biyu ko uku, ya fito da Hure ya sa ta a tasi, ya ce neman yaro a irin wannan taro wahalar banza ce sai an watse. Daga nan ya tafi inda zuciyarsa take. Bai kai cigiya wurin 'yan sanda ba sai washegari da hantsi.

4. Cewa ranar Alhamis 28 ga Yuli aka kira su wani ofishin 'yan sanda, aka ce an sami yarinya. Masu tutar mutanen kirki ne. Da suka ga 'yar baƙar yarinya maƙale da rigar ɗan'uwansu, sun saya mata alewa, suka miƙa ta ga hukuma. Allah ya saka musu. Alhaji Mukhtaru yana kwance da ido a naɗe, uwargidansa tana wurinsa, don haka daga Hure sai tafinta suka je. A ranar ma akwai wasa, kuma tun a mota yake duban agogo.

Da mai ƙorafi ta shiga ta ga 'yarta zaune kan benci, ta ce ta so ta ruga ta rungume ta. Amma ga maza a ɗaki, ga 'yar fari. Sai ta yi abin da uwarta da kakarta za su yi: ta sunkuyar da kai, ta ce alhamdu lillahi, ta tsaya a inda take. Wata 'yar sanda tana kallonta, tana rubutawa. Aka tambaye ta sunan yarinya, ta ce Zinariya. Aka buɗe fasfo, wanda mu nan muke ce wa jawaz, aka ga wani suna dabam, aka kuma ga shekara huɗu maimakon shida, kuskuren magatakardan ofishinka ne da ya cika takardun. Aka ce to ta faɗi sunan da ke ciki. Ta ja gyale ta rufe baki, ta ce wa tafinta a hankali ya bayyana musu cewa sunan surukarta ne, yarinyar kuma 'yar fari ce, amma shi ya faɗa a madadinta. Aka juya ga yarinya, aka nuna Hure aka ce wace ce wannan. Ta ce Yaya ce. Aka ce ina uwarki. Tafinta ya juya tambayar ya ce mata ina Innarki. Ta ce Inna tana Makka, ƙafa na yi mata ciwo.

Kwafin bayanin yana haɗe da wannan takarda. Wani Basudane mai kantin magani ya karanta mana shi da Larabci, kuma ga abin da Malam Abdulganiyyu ya ce wa Turawa, ba ragi ba ƙari: matar ba ta iya faɗin sunan ba, yarinyar ta ce wannan yayarta ce, yarinyar ta ce uwarta tana Makka. Ranka ya daɗe, babu kalmar ƙarya ko ɗaya a ciki, kuma dukkansa ƙarya ne. Tafinta ba aku ba ne. Bahaushe ne ɗan Bahaushiya, ya san abin da ake nufi da 'yar fari, ko da Hausarsa ta sayen tumatir ce. Numfashi uku ya ishe shi ya warware zancen, bai ga damar ba da su ba.

Mai ƙorafi ba ta ɗora wa Turawan laifi. Sun ga gidan attajiri, sun ga 'yar aiki, sun ga yarinyar da sunanta da shekarunta ba su dace da takarda ba, ga matar da ba ta rungume ta ba. Suka yi zaton an ɗauko 'yar mutane ne don aikatau. Kowa ya ga haka zai yi wannan zato, rashin sani ya fi dare duhu. Aka miƙo takarda, tafinta ya ce ta dangwala yatsa a sallame su, ta dangwala. Sai da ta ga an kama hannun yarinya an nufi wata ƙofa da ita, sannan ta gane. Nan ta yar da kunya ta ɗaga murya, da Hausa da Larabci, tawa ce, binti, binti, wato 'yata. Lokacin tafinta ya riga ya kai bakin titi yana tare tasi.

5. Cewa an kai yarinyar wani gidan renon yara, aka ce za ta zauna har a kawo shaida daga Makka. Izinin zaman mai ƙorafi haɗe yake da na Alhaji, Rabi kuma ta kamu da tari. Malam Abdulganiyyu ya rantse mata cewa magana ce ta sati biyu kacal, takarda ɗaya daga ofishin Wakili, halas, wato shi ke nan. Da wannan rantsuwar ta yarda ta hau jirgi ranar Alhamis 4 ga Agusta. Ana gobe za su taso aka bar ta ta ga yarinyar na awa guda. Ba ta san abin da za ta ce mata ba, ba ta saba ba. Sai ta zaunar da ita tsakanin ƙafafunta ta tsefe mata kai, ta yi mata kitso ƙanana, ta ja shi da kyau don ya kai sati biyu. Da za ta fita yarinyar ta tambaye ta ko ta yi laifi ne da ta bi tuta. Ta ce mata a'a, ta kyauta. Yau wata uku ke nan da kwana biyu.

6. Cewa tun ranar Asabar 6 ga Agusta mai ƙorafi take sintiri tsakanin Hindawiyya da Zahir, da goyo, cikin zafin da Mai Girma ya sani. Zuwa goma sha ɗaya ta yi. Magatakarda Malam Isa ya fara ce mata Wakili yana Ɗa'if shan iska. Da ka dawo, ya ce hatimi yana wurin gyara. Da hatimi ya dawo, ya ce ba a yin shaida sai tafinta ya rubuta nasa bayanin. Sauran zuwan kuma amsa ɗaya ce, bukra in sha Allah, kamar goben nan ba ta da ranar wayewa. Ban yi zaton maganar ta taɓa isa kunnenka ba, shi ya sa na rubuta sunanka a bayan ambulan da manyan baƙaƙe.

Shi kuwa Malam Abdulganiyyu, ta tare shi sau biyu a ƙofar gidansu. Na farko ya ce ma'alesh ya hala, wato a yi haƙuri, ƙaddara ce. Na biyu ya ce in ya rubuta cewa ya yi kuskure aikinsa zai tafi, ya ƙara da cewa irin waɗannan al'adun ƙauye ne ke ba mu kunya a idon duniya. Ni dai Dauda na san mahaifiyarsa, Allah ya ji ƙanta, shi ne ɗanta na fari, kuma har ta koma ga Allah ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Bai ce masa ƙauyanci ba a lokacin. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

7. Cewa makon jiya wasiƙa ta iso daga Landan mai kwanan watan 20 ga Oktoba, ita ma tana haɗe. Sun ce yarinya lafiyarta ƙalau, tana cin abinci, an ba ta rigar sanyi da takalma. Sun ce kitson ya cukurkuɗe, babu wanda ya iya tsefe shi, sai suka aske. Sun ce da farko tana magana da harshen da ba su ji, daga baya ta yi shiru, yanzu kuma ta fara amsa musu da nasu. A ƙarshe suka ce in shaida ba ta isa hannunsu ba zuwa ranar 15 ga Disamba, za su kai maganar kotu a nema mata gidan da zai riƙe ta riƙon dindindin. Daga yau kwana arba'in ke nan daidai, kuma wasiƙa kan ci sati biyu a hanya. Ana karanta mata, Hure ba ta yi kuka a kan kotu ba. A kan askin ta yi kuka.

Saboda haka mai ƙorafi tana roƙon Mai Girma, don girman Ɗakin da muke maƙwabtaka da shi:

(a) Ya ba da takardar shaida mai hatiminsa cikin wannan mako, cewa Zinariya da mai sunan da ke cikin fasfo mutum ɗaya ce, shekarunta shida, kuma Hure ce ta haife ta. Ɗaso ungozoma da ta yanke cibi tana raye, Malam Ɗanjuma liman da ya raɗa suna shi ma yana raye, duk sun ce a kira su ko da rana tsaka.

(b) Ya kira Malam Abdulganiyyu ya sa shi ya rubuta da Turanci abin da ya kamata ya faɗa ranar 28 ga Yuli. Ba ta nemi a kore shi ba. Ta ce korarsa ba za ta tsirar da gashin 'yarta ba. Ni da ra'ayina aka tambaya, da na faɗi wani abu dabam.

(c) Ya aika takardun ta jirgin sama, ya kuma ba ta wasiƙar da za ta koma ta ɗauko yarinyar da kanta. Alhaji Mukhtaru ya ɗauki nauyin tafiyar, hatimi kawai ake jira.

Saura magana ɗaya, ita ta nace in sa ta. Jiya bayan sallar Juma'a na je gidansu tare da shaidun nan biyu don in karanta mata takardar kafin ta sa hannu. Tsohuwa tana kwance a ɗaki bayan labule, idonta ya yi rauni, kullum tambayarta ita ce ina 'yar da ke ɗebo mata ruwan alwala. Da na zo inda zan rubuta sunan yanka, na juya ga liman don ya faɗa, kamar yadda aka saba. Hure ta ce a'a, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ta ce kunyar da ta raba ta da 'yarta ta gama aikinta. Ta miƙe tsaye a tsakar gida, ta sauke gyale daga bakinta, a gaban liman da ungozoma da ni, ta kira sunan da ƙarfi, yadda ake kiran yaro ya shigo gida in magariba ta yi. Maryama. Shekara shida bai taɓa fita daga bakinta ba.

Sai muka ji tsohuwa daga bayan labule ta amsa, na'am. Ta ɗauka ita ake kira. Can ta gane, ta ce a'a, ba ni ba ce, sake kiranta, wataƙila ta ji. Hure ta sake kira, ta kuma sakewa. Babu wanda ya amsa. Liman ya juya fuska bango, ni ma alƙalamina ya daɗe bai koma kan takarda ba.

Ranka ya daɗe, ta faɗi sunan yanzu, da shaidu uku. Abin da ya rage a kai shi inda mai shi take kafin ta manta harshen da za ta amsa da shi, wannan kuwa a hannunka yake bayan na Allah.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya sa ka gama da duniya lafiya, ya tsare maka naka 'ya'yan daga ɓata a ƙasar da ba a jin bakinsu. A gafarta mana in mun wuce iyaka.

Mai biyayya gare ka, mai jiran amsarka a ƙofar ofis gobe Lahadi da safe,

(dangwalen babban yatsan dama)
Hure 'yar Malam Isufu, uwar Maryama

Shaidu: Malam Ɗanjuma liman, Ɗaso ungozoma.

Wanda ya rubuta bisa faɗarta: Malam Dauda, Hindawiyya.